Manja da ƙararrawar gobara

Shekarata ta farko a jami'a a Amurka, akwai wata 'yar aji uku a ƙarshen hawan benenmu na masaukin ɗalibai, ana ce mata RA. Ɗaliba ce kamarmu, sai dai an yafe mata kuɗin ɗaki don ta kula da mu. Da dare takan zagaya, ido a kan masu giya, tunda doka sai ka cika shekara 21.

Ni manja ne ya haɗa mu. Ina suya ƙarfe ɗayan dare, hayaƙi ya ta da ƙararrawa, aka fito da kowa cikin dusar ƙanƙara, wasu da silifa. Kunya kamar in nutse! Ba ta ɗaga mini ƙafa ba, ta rubuta rahoto. Washegari sai ga ta a ƙofata, wai ko miyar ta yi saura.