Ciyawar lambuna: sati shida da shuka

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon wannan aiki. Yau sati shida ke nan da na watsa iri a ɗan lambun gidana a nan arewacin Ingila, kuma jiya na yi yankan farko.

Wanda ya taso a gida Najeriya kamar ni, abin da ya sani shi ne ciyawa da zafi da damina tare suke tafiya. Da wannan tunanin na yi shukar farko a watan Yunin bara, na yi ta ban ruwa safe da yamma, tsiron ya fito siriri kamar gashin jariri, rana ta Yuli ta ƙone shi. Raina ya ɓaci sosai. Ashe ciyawar nan ta ƙasashen sanyi ta fi jin daɗin yanayi tsakanin digiri 15 zuwa 24, in zafi ya wuce haka sai ta daina girma ta kwanta. Waɗanda suke nan a 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40, sun ga yadda filaye suka bushe ƙamas, ruwa na sauka kuma suka koma kore shar. Tsohuwar ciyawa mai saiwa tana jure wannan. Sabon tsiro ba ya iyawa.

Bana na jira Satumba. Ƙasa na riƙe da ɗumin bazara, iska ta yi sanyi, yayyafi ba ya yankewa. Na sa manjagara na kankare gansakuka da matacciyar ciyawa, buhu uku cif. Ƙasarmu yumɓu ce, tana riƙe ruwa, don haka na bi ta da cebur mai yatsu ina hudawa taku-taku, na zuba yashi a ramukan. Irin gauraye ne na nau'in ciyawa biyu, raigiras da feskiyu, na watsa kimanin giram 35 a kowace murabba'in mita, na bi da ƙafa ina dannawa don ya manne da ƙasa. Kada ku binne shi kamar gero, lulluɓi kaɗan ya wadatar.

Kwana takwas raigiras ya leƙo. Da asuba na tsuguna, na ga kowane tsinke ɗauke da ɗigon raɓa a kansa, gindinsa ja-ja. Feskiyu ya yi nawa, sai cikin sati na uku. In kun ga gefe ɗaya shiru, ku ba shi lokaci kafin ku ƙara iri.

Kurciyoyi ne suka dame ni. Sun tsince kusurwar da ke kusa da shinge tas, dole na sake watsawa na shimfiɗa raga. Wurin har yanzu da sanƙo-sanƙo.

Batun yanka kuwa, na bari ta kai santimita 8, na ɗaga wuƙar inji sama na rage kai kawai. Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kuma wuƙar ta kasance da kaifi, in ba haka ba sai ta tuge tsiron da saiwarsa.

Taki na kaka zan saka satin nan, mai ƙarancin naitirojin, sinadarin da ke sa ciyawa fitar da sabon ganye mai taushi, don ganye mai taushi ba ya jure ƙanƙara. Sai kwashe ganyen bishiyar maƙwabci da ke zubowa kullum. Wanda ya taɓa shuka a ƙarƙashin inuwa, don Allah ya faɗa min wane iri ya karɓe shi, gefen bangona bai cika ba.