Wasiƙa daga Istanbul zuwa ga 'yan uwa na Agege da Mile 12

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana Hausawan Legas, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Ina gaishe ku daga ƙasar Turkiyya, da fatan kasuwa tana albarka.

Maganar motar BRT ta Legas, wato babbar bas mai hanyarta ta daban, ita ce ta sa na rubuto. Tun watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Fashola, da aka buɗe layin farko daga Mile 12 zuwa CMS, muke hawanta. A 2015 aka kai ta Ikorodu, a 2020 kuma aka buɗe na Oshodi zuwa Abule-Egba. An amfana, wannan ba gardama. Duk wanda ya taɓa zama cikin danfo a Ojota yana zufa, yana kallon babbar bas tana wucewa a hanyarta ita kaɗai, ya san bambanci.

To amma duk layukan nan cikin gari suka dosa. An yi su ne don mai zuwa ofis da safe ya koma gida da yamma. Mutumin Agege da zai je sarin albasa Mile 12 fa? Sai dai ya bi danfo ta Ogba, ya sauka Berger, ya sake wata zuwa Ketu, ko kuwa ya gangara har Oshodi ya zagayo. Unguwanni ne biyu da zumunci da ciniki da auratayya suka haɗa, amma babu layin da ya haɗa su kai tsaye.

A nan Istanbul suna da irin wannan motar, Metrobüs suke ce mata. An fara ta a 2007, yanzu ta kai kilomita 52, tana haye gadar da ta haɗa ɓangaren Turai da na Asiya, dare da rana ba ta tsayawa. Tashoshinta a tsakiyar babban titi suke, don haka motocin suna bin hannun hagu, saɓanin sauran motoci, domin ƙofa ta fuskanci wurin tsayuwar fasinja. In tafiyarka gajera ce, kana fita sai ka ɗora katinka a kan na'ura ta mayar maka da ragowar kuɗinka. Wannan kam ya burge ni, kuma ina ganin katin Cowry ɗinmu na biyan kuɗin mota a Legas zai iya ɗaukar irinsa a ko'ina.

Sai dai ku zo tashar Merter, unguwar masu sarin tufafi, ku sha kallo. Za ku ga 'yar kasuwa, sau da yawa ma tamu ce daga Afirka, tana jan ƙatuwar jaka a matakalar gadar ƙafa, ta tsaya ta huta, ta sake ja. In ta iso ƙasa, mota ta zo cike maƙil, ƙofa ta buɗe ta rufe, ita tana tsaye da kayanta. Injiniyan da ya zana tashar mai jakar hannu ya hango. Mu kuwa yawancinmu masu kwando da buhu ne.

Tun ran gini, tun ran zane. Inda za a kafa tasha, da faɗin gada, da rumfar da katafila za ta ci, duk a takarda ake yanke su, tun kafin a kawo buhun siminti ko ɗaya. A Legas, hukumar sufuri ta LAMATA ce ke tsara layukan BRT. Mu kuma mun saba sai an shafa jan fenti a bangon shago sannan mu ruga fadar Sarkin Hausawa muna salati. A lokacin an riga an ba da kwangila.

Roƙona ga sarakunanmu da shugabannin 'yan gwari shi ne su rubuta wa hukumar tun yanzu, da sa hannun ƙungiyoyin kasuwa, su nemi layin da zai taso daga tashar jirgin ƙasa ta Agege, ya bi ta Ogba da Berger zuwa Mile 12. Su kuma tambayi yadda za a yi da mai kaya, ko da motoci ne na musamman da asuba.

Kada a manta da samarinmu 'yan okada. Tun da aka hana su aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, da yawa suna zaune ba sana'a. Kowace tashar BRT tana buƙatar ƙananan motocin da za su kwashi mutane zuwa cikin lungu, kuma gwamnati ta fito da irinsu tun 2021. Yaran nan sun san kowane lungu daga Dopemu har Oko-Oba. A haɗa su a ƙungiya mai rajista, a nema musu lasisi, a shigar da sunayensu tun ana rabon hanyoyi.

Matasanmu da suka yi boko kuma su riƙa halartar taron ƙungiyar ci gaban unguwa tare da maƙwabtanmu Yarbawa, su karanta takardun, su fassara wa dattawa bayan sallar Juma'a.

A gaishe da mutan gida. Wassalam.

Naku, ɗan Agege mazaunin Istanbul