Zauren baje kolin zanen katun da muke ginawa daga Bauchi

Da shafukan intanet na makarantun kuɗi da shagunan atamfa muka fara, kuma har gobe muna yi. Amma aikin da ke biya mana kuɗin haya da na man janareta yanzu shi ne gina zauren baje koli a intanet ga masu tara zanen fina-finan katun na da. Kusan dukansu a ƙasashen waje suke, Amurka da Turai da Japan. Maƙwabcin shagonmu ya sha tambayata, "Malam, wai da gaske akwai dattijon da zai zuba kuɗinsa a katun?" Akwai, kuma da dalili.

Kafin kwamfuta ta karɓe aikin, da hannu ake yin katun. A zana a takarda, a mayar da layin kan wani fallen roba garai-garai da ake kira sel, a juya bayansa a shafa fenti, a ɗora shi kan zanen daji ko na ɗaki, sannan a ɗauki hoto. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, galibi kuma sau biyu ake ɗaukar kowane zane, wato zane 12 ke nan. Sai ka lissafa na fim guda. Da yawa zubar da su aka yi, wasu aka wanke fentin aka sake amfani da robar. Kamfanin katun na Disney ya fara sayar da nasa a 1938 ta hannun gidan baje kolin Courvoisier da ke San Faransisko, shekara guda bayan fitowar fim ɗinsa Snow White. Daga 1990 kwamfuta ta karɓi shafa launi a manyan fina-finansa. Japan ta ɗan jinkirta, domin shirin talabijin na Sazae-san bai bar sel ba sai 2013. Tunda an daina yi, abin da ya tsira shi ke nan.

Wahalar farko hoto ce. Roba tana da sheƙi, idan mai kaya ya ɗauka da fitilar waya sai ka ga farin tabo a tsakiyar fuskar zanen, wani lokacin har da inuwar hannunsa. Shi ya sa kafin mu taɓa komai muke tura masa bayani: ya kashe fitilar wayar, ya sa haske biyu daga dama da hagu a karkace, ya ɗauki fallen gaba ɗaya har gefe-gefensa. Gefen nan nake so. A nan ake ganin hujojin da ake saƙala fallen don kada ya goce, da lambar da aka rubuta da hannu a kusurwa, kamar A12, mai nuna matsayinsa a jerin motsi. Wani har ɗigon fenti za ka gani inda burushi ya zarce.

Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, hannunsa ƙaiƙayi yake ya gyara hoto. Ya ga layin da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kamar yadda na Japan da yawa suke yi, sai ya ce, "Oga, bari in ɗan ƙara masa baƙi." Ba na yarda. Mai tara sel yana zuƙo hoto ne don ya ga irin waɗannan alamomin, su ne shaidar cewa hannun mutum ya bi ta wurin. Idan ka goge su ka mayar da kayan mutum kamar hoton da kowa zai iya saukewa kyauta, ka kuma ruɗi wanda zai zo neman saye ko musaya. Haka nake da tsauri a kan bayanin da ke ƙarƙashin kowane zane. Akwai wanda aka ɗauki fim da shi, akwai wanda kamfani ya sake bugawa daga baya don sayarwa kawai. Tazarar darajarsu babba ce, kuma dole a rubuta ko wanne ne ƙarara.

Ba na yi wa mutum biyu zaure iri ɗaya, don ba abu ɗaya suke so ba. Kafin aiki sai na sa mai kaya ya gaya mini wanne ya fara mallaka, wanne kuma ba zai taɓa sayarwa ba. Daga amsar nan tsari yake fitowa. Wani yana da falle masu bin juna na motsi ɗaya, sai muka jera su yadda idan ka ja yatsa za ka ga zanen yana juya kai. Wata kuma zanen wuri kawai take tarawa, gidaje da sararin sama, babu mutum ko ɗaya a ciki. Nata muka bar kowane hoto ya cika fuskar waya shi kaɗai, rubutu ya koma ƙasa. Waɗanda suke da takardar fensir da ta zo tare da sel, muna sa su gefe da gefe.

Zama a Bauchi ya koya mana tattalin data. Shafin yana buɗewa da ƙananan hotuna, babba sai wanda ya taɓa. A wayar da ta sha jiki nake gwadawa, da yamma lokacin da sabis ke ja da baya. Idan ya buɗe a nan, zai buɗe ko'ina. Ba ma sa adireshin mai kaya, ba ma sa farashi sai ya nema, kuma muna ɗora ɗan tambari a gefe, saboda akwai masu satar hoto su tallata abin da ba su da shi.

Muna kuma rubuta ranar da aka ɗauki kowane hoto, domin sel yana tsufa. Robar takan fara warin ruwan khal, ta lanƙwashe, fentin ya tsage, zafi da laima kuma suna hanzarta hakan. Shi ya sa duk shekara nake tuna wa masu kaya su sake ɗauka, mu ajiye sabon kusa da tsohon. Idan layi ya fara koɗewa, a zauren za su fara lura, su cire shi daga bango su mayar da shi wuri mai sanyi da duhu.