Soke doka daban, gyara takardu daban: darasi daga rundunar sojin Amurka

Mai aikin kula da ma'aikata ko mai karatun dokokin soja yana da abin koyo a yadda Amurka ta sauya matsayinta kan 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a rundunarta, ko mene ne ra'ayinsa kan batun. Darasin na tsarin aiki ne.

Dokar da ake kira "kar a tambaya, kar a faɗa" ta fito a 1993, zamanin Clinton. Soja ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo zai ci gaba da aiki muddin bai bayyana hakan ba. In ya bayyana, sallama ce. Fiye da sojoji 13,000 aka sallama a ƙarƙashinta. Da aka tashi soke ta, ba a yi gaggawa ba. A 2010 ma'aikatar tsaro ta aika wa sojoji 400,000 takardar jin ra'ayi, kusan 115,000 suka amsa, kimanin kashi 70 cikin 100 suka ce sauyin ba zai lalata aikin rukuninsu ba. Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disamba 2010, amma dokar ta gindaya sharaɗi: sai shugaban ƙasa da sakataren tsaro da babban hafsan hafsoshi sun tabbatar a rubuce cewa an shirya, sannan a jira kwana 60. A tsakanin nan aka horar da kwamandoji da limaman soja da sauran dakaru. Sokewar ta fara aiki ranar 20 ga Satumba 2011.

To, nan ne gizo ke saƙar. An cire doka ɗaya, an bar wata. Dokar DOMA ta 1996 ta ce a wajen gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne kawai. Sai ga soja yana aiki a fili, ya yi aure bisa dokar jiharsa, amma ba za a shigar da abokin zamansa cikin rajistar iyali ta DEERS ba. Wanda ba ya cikin rajistar nan ba shi da katin iyalin soja, ba shi da inshorar lafiya ta Tricare, kuma ba a biyan sojan kuɗin gida irin na mai iyali. Haka aka zauna sai da kotun ƙoli ta rushe wannan sashe na DOMA a shari'ar Windsor, ranar 26 ga Yuni 2013. Aka fara rajista ranar 3 ga Satumba, aka lissafa haƙƙoƙin tun daga ranar hukuncin.

Ko a nan ma sai da aka yi tuntuɓe, don rundunar National Guard, wato sojojin ko-ta-kwana na jihohi, tana ƙarƙashin gwamnoni ne a lokacin zaman lafiya. Texas da wasu jihohi suka ƙi bayar da katin a ofisoshinsu, suka ce a tafi sansanin tarayya, wanda a jiha mai faɗin Texas tafiya ce ta sa'o'i. Sakataren tsaro Chuck Hagel ya tsawatar a ƙarshen Oktoba, kafin shekara ta ƙare aka daidaita. Bambancin dokokin aure tsakanin jihohi kuwa sai a 2015 hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Obergefell ya kawar da shi.

Inda aka fi yin sakaci, a ganina, shi ne tsofaffin fayiloli. Kowane sojan Amurka yana fita da takardar DD-214, wadda ke nuna irin sallamar da dalilinta, ita ce kuma yake miƙawa wajen neman aiki ko tallafin karatu. Sokewar ba ta goge komai a jikinta ba. Wanda yake son a gyara masa shi ne zai cike fom DD-293 in sallamar ba ta wuce shekara 15 ba, in ta wuce ya cike DD-149, ya nemo hujjoji, ya jira watanni. Da yawa ba su nema ba. Sai a Satumba 2023 ma'aikatar ta fara duba fayilolin da kanta, a Oktoba 2024 ta sanar da cewa ta gyara sama da 800.