Godiya ga duk wanda ya tsaya mana da kwamfutar asusu ta tsaya

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Alhamdulillahi asusunmu na ajiya da bashi ya dawo aiki, lissafin kowa ya fito daidai, ko dala ta wani ba ta ɓata ba. Ni ne mai kula da kwamfutocin wurin, kuma wallahi ba zan iya yin shiru ba sai na gode wa mutanen da suka hana idonsu barci saboda mu.

Ga abin da ya faru a taƙaice, don masu tambaya ta waya sun yi yawa. Bayanan mambobinmu duka suna cikin rumbun PostgreSQL, wato manhajar da ke adana bayanai a kwamfuta, kuma kowane dare ƙarfe 2 akwai aiki biyu da cron, manhajar da ke tada aiki a lokacin da aka tsara mata, ke tayarwa da kanshi, ɗaya ya shigo da lissafin rassanmu na Miriya da Magarya da Matamai, ɗaya ya ɗauki kwafin ajiya. Ranar da aka yi iskar nan da ruwa kuran ya ɗauke ya dawo ya sake ɗaukewa, faifan babbar kwamfutar ya lalace. Muka ce to ba komai ai akwai kwafi, kullum da safe saƙo na shigowa wai OK. Da muka buɗe sai ga fayilolin baya-bayan nan kowane bayit 20, wato fanko, babu komai ciki.

Godiyata ta farko ga ƙanena ɗalibin jami'ar nan ta Zinder, yaron da ya baro karatun jarrabawa ya zo ya zauna da ni a buro har asuba. Shi ya gano ciwon. Tsarin da muka gada, kuma ba zan kama sunan kowa ba, yana tura abin da pg_dump, umarnin da ke fitar da kwafin rumbun, ya fitar kai tsaye zuwa wani umarnin mai suna gzip don a matse shi, to a Linux kowane umarni in ya gama yana barin lamba, 0 na nufin lafiya, duk wata lamba na nufin matsala, amma in ka haɗa umarni biyu da bututu, wato na farko na miƙa wa na biyu abin da ya fitar, lambar na ƙarshen kawai ake dubawa. An canza kalmar sirrin rumbun tun kwanaki, pg_dump na faɗuwa kowane dare, shi kuwa gzip yana matse iska ya ce 0, saƙon OK ya tafi. Kukan da pg_dump ke yi kuma an karkatar da shi zuwa /dev/null, inda duk abin da ya shiga ya tafi kenan. Kamar mai gadin da kullum zai ce maka an kwana lafiya alhali bai taɓa zagaya bayan gida ba. Ƙanena Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Sai malamina da ke Yamai, wanda ya riƙe waya da ni duk da rezo na yankewa, ya ce kar in tsaya ga kwafin kaɗai, in duba ɗayan aikin ma. Gaskiyarshi. Shi psql, umarnin da ke shigar da lissafin rassa cikin rumbun, in yana bin fayil ya ci karo da kuskure ba ya tsayawa, yana tsallakewa ya ci gaba ya ƙare da 0, sai in ka kunna mishi ON_ERROR_STOP. Ke nan wata rana rabin lissafin reshe na iya shiga rabi ya zube ba wanda ya sani, kuma mun samu wasu darare da hakan ta faru. Yanzu duk shigarwar dare ɗaya tana cikin ƙulli ɗaya, ko ta shiga duka ko ROLLBACK ya maida komai yadda yake. Malam na gode, Allah ya ƙara girma.

Amma waɗanda suka fi shan wahala su ne ma'aikatan gishe. Hajiyarmu mai riƙe da akwatin kuɗi ita ta fito da wani tsohon kwafi mai kyau da ta adana a kile cikin durowarta, daga nan muka taso, sauran kuma da hannu aka cike, rasit bayan rasit, karne bayan karne, 'yan Magarya har suka ɗauko rajistocinsu a mota suka kawo. Ina kallon yaran nan suna karanta lamba ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa, ga zafi ga ƙarar gurup, ba wanda ya ce ya gaji. Maƙwabcinmu mai shago da ya ara mana gurup ɗin, da iyalina da suka riƙa aiko da tuwo da shayi, Allah ya saka da alheri. Mambobi kuma, musamman iyayenmu mata 'yan kasuwar Dole da suka zo aka ce su dawo, kun yi haƙurin da ba kowa zai yi ba.

Ga 'yan uwana masu wannan sana'a, don Allah ku leƙa naku yau. Mu dai mun sa pipefail, wanda ke sa a ga faɗuwar kowane umarni a cikin bututu ba na ƙarshe kaɗai ba, kowane aiki yana rubuta lokacin da ya fara da lokacin da ya gama da layi nawa ya taɓa da lambar da ya fita da ita, saƙon safe ya daina cewa OK kawai, yana faɗin girman fayil, in ya yi ƙasa da na jiya sosai sai ya kira hankalinmu. Abin da ya fi kwantar min da rai shi ne wata ƙaramar kwamfuta a wani gini daban da ke jiran saƙon, in ƙarfe 6 ta yi bai zo ba ita ke buga mana ƙararrawa, don aikin da bai tashi ba sam ba shi da bakin cewa ya faɗi. Kuma duk Juma'a muna zuba kwafin cikin wani rumbun gwaji mu ga ko yana buɗuwa da gaske. Wanda ke son in nuna mishi yadda muka jera su ya same ni, kyauta ne.

Gishe zai buɗe Litinin da safe in sha Allah. Kowa ya zo da karnensa a gwada da abin da ke cikin kwamfuta a gabanshi, in akwai inda bai gamsu ba a zauna a duba tare.