Judy Heumann da gangaren keken guragu a Garwa

Judy Heumann 'yar Amurka ce da shan inna ya kama tana ƙarama. A 1970 hukumar ilimin New York ta hana ta lasisin koyarwa saboda tana kan keken guragu, ta kai ƙara, ta samu. A 1977 ta jagoranci zaman dirshan na kusan mako huɗu a ofishin gwamnati a San Francisco har aka sa hannu kan ƙa'idojin Sashe na 504, wani sashen dokar Amurka da ya hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta rasu a Maris 2023, ta bar mana aiki.

Kamaru na da dokar kare naƙasassu tun Afrilun 2010, amma ku dubi gangaren da ake zubawa a ƙofofin shaguna a Garwa da Marwa. Magina, don Allah: kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Dakalin santimita 45 sai gangare mai mita 5.4, ba mita ɗaya ba, in ba haka ba keke ya kife ta baya. A bar fili shimfiɗaɗɗe na mita 1.5 a bakin ƙofa don juyawa. Tayil kuwa santsi ne da damina, a bar siminti da kaushinsa.