Ƙarfe nawa abin ya fara?

Juma'ar nan zan miƙa makullin aji, bayan shekara 9 ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare (JHS) a unguwar Asawase, Kumasi. Abokan aiki sun ce in rubuta darussan da na koya. Guda ɗaya ne ya tsaya mini a rai.

Saura wata huɗu a rubuta BECE, jarrabawar kammala JHS, wata yarinya 'yar shekara 15 a bencin gaba ta yar da biro sau biyu. Duk mun san tana da sikila. Na yi mata tambaya, maganarta ta fito a harɗe, aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na ce, "Ke, bana son wasa." Sai da na matso na ga bakinta ya karkace, hannun dama ya saki.

Na kai ta wurin hedimasta. Ya ce, "Malam, kada ka jawo mana magana, a jira iyayenta." Wasu suka ce iska ce, aka hau tofi. Ba ni da ja da addu'a, amma da a cikin mota muka yi ta. Uwarta tana sayar da koko a Aboabo, wayarta a kashe, uban yana kan hanyar Bolga da mota. Awa uku yarinyar nan tana kwance a benci, ni da digirina ina tsaye ina jiran izini.

Da muka isa Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Ƙarfe nawa abin ya fara?" Na ce goma. Ya dubi agogo, bai ce komai ba. Daga baya aka yi mana bayani cewa shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta: ƙwayoyin jinin mai sikila kan toshe hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, abin da ake gaggawar yi shi ne ƙarin jini. Kusan ɗaya cikin goma na masu sikila nau'in SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 in ba a yi rigakafi ba. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, amma mu malamai ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana wannan.

Iyalin ne suka ɗauki nauyin. Uwar ta kife tukunyar koko wata biyar, tana kai ta gashin ƙashi a pragya, wato babur mai ƙafa uku. Kawunanta suka yi layin ba da jini. Ran Asabar nakan je gidan, muna koyon rubutu da hagu, lamba 8 kaɗai ta ci mana mako biyu. Uwar ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. "Malam, ƙaddara ce," in ji ta, ta miƙo mini ƙosai. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Shekarar da ta biyo yarinyar ta rubuta BECE da hagu, ta ci. A taron iyaye hedimasta ya tashi ya yaba wa makaranta kan "saurin ɗaukar mataki". Na yi shiru.

Sauran darussan gajeru ne. Ka san masu sikila a ajinka, ka riƙe lambar waya biyu ta kowane gida. Rijista ka cika ta da safe.

Wanda zai gaje ni, akwai takarda manne a bayan ƙofa: karkacewar baki, sakin hannu, harɗewar magana, sai lambar kiran gaggawa, 112, da jan biro. An taɓa cire ta wai tana ɓata bango, na sake mannawa.